Albasa na ruɓewa a Aliero ta jihar Kebbi, ko an hana motocin abinci wucewa? (Hira ce da aka yi a shekarar 2020, lokacin dokokin korona.)

Ɗan Aliero: Assalamu alaikum jama'a, don Allah ku ba ni shawara. Albasata tana ajiye tun watan Maris, wata ta fara tsiro wata ta fara ruɓewa, ga shi gwamnati ta hana zirga-zirga tsakanin jihohi saboda korona, ni kuma kasuwar Mile 12 nake kai kaya a Legas, direbana yana tsoron a tsare shi a hanya. Har da kayan abinci aka hana ne?

Baba Na Jega: Wa alaikumus salam ɗana. Dokar ta ware motocin abinci da magani da mai. Abin da ke ɓata lamarin shi ne wasu direbobi na ɓoye fasinja cikin buhuna, shi ya sa bincike ya yi tsanani daga Yawuri zuwa Kontagora. Kada ya ɗauki kowa, daga shi sai yaron mota, su sa takunkumi.

Maman 'Yan Biyu: Wallahi mu abin ya haɗe mana, tun Agustan 2019 aka rufe bodar Kamba shinkafa ta yi tsada, yanzu kuma a ce a ba da tazara a kasuwa ranar Juma'a, ina filin yake? Sabulu da bokitin ruwa dai na ajiye a ƙofar gida, iyakar ƙarfina ke nan.

Ma'aikaciyar Jinya: Malam, Legas ce ta fi kowace jiha masu cutar. In sun dawo su keɓe kansu kwana 14 kafin su shiga cikin iyali, musamman in akwai tsofaffi a gidan.

Ɗan Aliero: Na gode Baba, na gode Hajiya. Gobe in sha Allahu za mu yi lodi.