Littattafan masu doguwar tafiya a keke sun hana ni sukuni, ku ba ni shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a ɓoye sunana, akwai 'yan unguwarmu a nan.

Ni magidanci ne a Tudun Wada, Kaduna. Abin ya faro ne daga wani kwalin littattafai da abokin aikina ya bar mini ajiya da aka mayar da shi Legas. Shi ma ba nasa ba ne, na kawunsa ne da ya yi karatu a Ingila. Da ya rasu aka raba gado babu wanda ya ko kalli kwalin, har gara ta cinye na ƙasa. Wata rana an ɗauke wuta, waya ba caji, na jawo ɗaya wanda bangonsa ya yage. Ashe na wata mata ce 'yar ƙasar Ailan, Dervla Murphy, wadda ta hau keke ita kaɗai a 1963 tun daga ƙasarsu har Indiya, ta ratsa Turkiyya da Iran da Afganistan da Pakistan. A tsakiyar sanyi ta fita, ƙanƙara ta rufe hanyoyin Turai, kekenta ko giya babu, da 'yar bindiga a aljihu. Da fitilar caji na karanta, ina duba ƙamus, har aka kira assalatu.

Daga nan na shiga neman irinsu. Na samu na Mark Beaumont, wanda ya tuƙa daga Alƙahira zuwa Cape Town a 2015, sama da kilomita 10,000 cikin ƙasa da kwana 42. Yanzu ko a wurin aiki nake sai in tsinci kaina ina auna hanya a taswirar waya. Na sayi keke mai giya na gwanjo. Niyyata in fara da Kano a watan Disamba idan mun samu hutu, in ya yi kyau baɗi in nufi Agadas. Amma uwargida ta daina yi mini magana sai gaisuwa, dare kuma ba na barci, rabi ɗoki rabi fargaba. Me ya kamata in yi?

Baban Ilham: Wa alaikumus salam. Tsaya tukuna. Mafi nisan da ka taɓa yi a keke ina ne?

Mai tambaya: Ina zagaya Murtala Square ranar Asabar, kuma na je Mando na dawo.

Baban Ilham: To saurara. Ni da keke na tashi, Rale, muna samari Zariya muke zuwa mu kwana mu dawo. Kaduna zuwa Kano kusan kilomita 230 ne. Kuma ka zaɓi lokacin da ya fi kowanne muni. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, can kuma ka dosa, tun daga Kawo har Kwanar Ɗangora a ƙirjinka za ta riƙa dukanka. Za ka yi ta taka feda keke na tafiyar hawainiya. Ga hazo, direban tirela ba zai gan ka ba sai yana kanka. Sannan ba ƙafa ce ke fara sarewa ba, mazauni ne. Kafin ka kai Jaji sirdin nan zai saɓule maka fata, ka sauka kana tafiya a tale. In dole sai ka yi, sa keken a mota zuwa Kano ka tuƙo gida, iska na tura ka.

Maman Sadiq: Ni tambayata, me ka yi mata? Mace ba ta ɗauke wuta haka kawai saboda keke.

Mai tambaya: Hajiya ba wani abu ba ne. Adashen da na ɗauka ne, da mun yi magana za a sayi firiza ta riƙa zobo da ƙanƙara. Amma ai kuɗina ne, kuma tun da aka cire tallafin fetur a 2023 kowa ya san abin da kuɗin mota ke ci. Keken zai mayar da kuɗinsa.

Maman Sadiq: Na faɗa! Allah ya ba ta haƙuri. Haka nawa ya yi da tattabaru. Ya gina musu ɗaki a tsakar gida, ni ina girki a rana. Dawar da zan kai niƙa ya ɗiba ya watsa musu. Da na yi magana ya ce ba na son farin cikinsa. Ƙarshe muzuru ya gama da su a dare ɗaya, ya zo yana zargin ni na bar ƙofar a buɗe. Har yau ban ga kuɗin da na ranta masa ba.

Ɗan Malali: Ku bar bawan Allah ya huta. Mu dai a nan duk wanda ya zo da abin da ba a saba gani ba sai an kashe masa gwiwa. Ɗan Gini ɗin nan, Mamadou Safayou Barry, a 2023 ya hau keke ya nufi jami'ar Azhar ta Masar, ya yi kusan kilomita 4,000 ta Mali da Burkina Faso da Togo da Benin da Nijar har Cadi. Ya samu gurbin karatu kyauta. Ɗan uwa ka tafi kawai, Allah na nan.

Mai tambaya: Na gode. Kuma shi ma yana da mata da ɗa ya bari a gida.

Baban Ilham: Ɗan Malali ka faɗi rabi ka bar rabi. Sau 3 aka tsare yaron nan a hanya, kuma daga Cadi jirgi ya hau, mutane ne suka haɗa masa kuɗi. Shi ilimi ya je nema. Wannan me zai ce wa jami'in tsaro a shingen bincike? Na karanta littafi? Batun Agadas kuwa cire shi daga ranka a halin da iyakar nan take.

Malama Unguwar Rimi: Na karanta littafin Murphy ɗin. Abin da ba ka faɗa ba, tun tana shekara 10 aka ba ta keke da littafin taswira ta ƙudura tafiyar, amma ta bar makaranta tana 14 ta zauna jinyar mahaifiyarta. Sai da uwar ta rasu a 1962 sannan ta fita, tana da shekara 31. Kuma kafin nan ta sha yin gajerun tafiye-tafiye a Turai. Kai mahaifiyarka ta sani?

Mai tambaya: Malama, Hajiya tana da hawan jini, ba na son tayar mata da hankali. In na dawo sai in ba ta labari.

Malama Unguwar Rimi: In ka dawo.

Abu Hanif: Ni dai abin da ke ƙona mini rai babu inda mai keke zai bi a garin nan. Makon jiya a Kawo mai adaidaita ya goge ni, tayar gaba ta lanƙwashe, sifoki suka tsinke, shi ne ma ya fito yana zagina. Mai gyara ya karɓe mini kuɗin cefane. Af, wa ya san inda ake samun tif mai kyau? Na kasuwa yanzu faci ɗaya ya yage.

Baban Ilham: Abu Hanif duba Kasuwar Bacci. Mai tambaya, ga abin da za ka yi, kada ka saurari kowa. Bayan sallar asuba ka tafi Maraban Jos ka dawo, duk Asabar, har sai ka daina jin jiki. Sannan Zariya, ku biyu ko uku, da riga mai ƙyalli, famfo, kayan faci, ruwa da dabino. La'asar ta same ka a cikin gari. Kano sai bayan damina.

Ɗan Malali: Masu littafin nan da sun tsaya jiran komai ya daidaita da ba a rubuta ko shafi ɗaya ba.

Maman Sadiq: Ka sayar ka sayo mata firizarta, a zauna lafiya.

Mai tambaya: Na gode duka, amma kamar ba ku fahimce ni ba. Ba wasan yara nake ba, shekara da shekaru daga gida sai ofis, sai yanzu na samu abin da zuciyata ke so. Sayarwa kam ba zan yi ba, ko na sayar ba zai kai kuɗin firiza ba. Kuma na riga na faɗa wa abokan aiki Disamba. Baban Ilham, in na tashi da dare fa, ai iska ta kwanta?

Baban Ilham: Da dare? A hanyar Zariya? Inna lillahi. Wani ya yi masa magana, ni na tafi masallaci.

Abu Hanif: Wane layi ne a Kasuwar Baccin?