Neman shawara: sun iya raba burodi, amma lissafin kaso a takarda ya gagare su

Malamar firamare, Aboabo: Assalamu alaikum iyayena da 'yan'uwana malamai. Ina neman shawara a kan darasin kaso, wato rabi da sulusi da kwata da sauransu. Da can ina koyarwa ne a wata makarantar kuɗi kusa da unguwar Asawase a birnin Kumasi na Ghana, inda yaran ajina ba su kai talatin ba, kuma mai makarantar yana sayo mana kwali da almakashi, sai dai albashi ba ya zuwa a kan kari, shi ya sa da aikin gwamnati ya samu ban yi wata-wata ba, duk da maigidana ya so in zauna saboda kusa da gida. Yanzu yarana sun haura hamsin, uku-uku a bencin mutum biyu. Tun da aka kawo sabuwar manhaja a 2019 ake nanata mana a wajen bita cewa yaro ya taɓa abu da hannunsa kuma a yi aiki rukuni-rukuni, don haka na sayo burodi da kuɗina, kowane rukuni ya raba nasa gida biyu, sannan huɗu, sannan takwas. Sun ji daɗi ƙwarai. Amma da na tambaye su a gwaji wanne ya fi girma tsakanin 1/4 da 1/8, yawancinsu 1/8 suka zaɓa, wai takwas ta fi huɗu. Shugaban makaranta kuma ya ce hayaniyarmu tana hana sauran azuzuwa karatu. Yaya zan yi?

Tsohon hedimasta, Tafo: Wa alaikumus salam 'yata. Ba ki faɗi ajin da kike koyarwa ba, amma ko wane aji ne, matsalar ba a burodi take ba. Yaron da bai haddace jadawalin ninkawa ba, ba zai taɓa gane cewa 2/8 daidai yake da 1/4 ba, ko da gidan burodi kika kai shi. Ki ajiye rukuni, su juyo su fuskanci allo, su yi haddar sau biyu zuwa sau goma sha biyu kowace safiya. Da haka muka yaye likitoci da injiniyoyi a zangon nan.

Malamar firamare, Aboabo: Aji huɗu ne, Baba. Amma haddar suna yin ta, kuma mai duba makarantu idan ya zo, aikin rukuni yake nema a littafin shirin darasi.

Malamar lissafi, Sawaba: Yaya, burodin yana da nasa laifin. Idan yaro ya tsaga shi da hannu, yankin ba ya zuwa daidai, alhali sharaɗin kaso shi ne kowane gida ya yi daidai da ɗan'uwansa, ga shi kuma hankalinsu yana kan wanda zai ci babban yanki. Ki yanko tsoffin takardu masu tsawo ɗaya, ki ba kowane yaro uku. Ya naɗe ta farko sau ɗaya, ta biyu sau biyu, ta uku sau uku, sai ya buɗe ya ga gida biyu da huɗu da takwas, ya rubuta 1/2 da 1/4 da 1/8 a kan kowane gida kafin ya yage shi. Idan ya ɗora yankin 1/8 a kan na 1/4, idonsa ne zai gaya masa wanne ya fi. Rubutun a kan yankin shi ne abin da ya ɓace a darasinki. Rukuni kuma kada ya wuce yaran benci biyu, na gaba su juyo baya kawai, ba sai an ja benci ba.

Uwar yara, Moshie Zongo: Ku dai ku tausaya wa iyaye. Kowane mako sai an aiko a sayi kwali ko gam, kuma a dawo da aikin gida cikin Turancin da ni ban iya ba. Ɗiyata tana taya ni awon gari a kasuwa, ta san rabin olonka, wato gwangwanin awo, ta san pesewa 50 rabin sidi ne, amma an rubuta mata a kati wai ba ta gane kaso.

Malamin Islamiyya, Asawase: Malama, yaran nan suna jin rabi da rubu'i (1/4) da sumuni (1/8) da sulusi (1/3) da sudusi (1/6) a ayoyin gado na Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12. Ki tara marafan kwalba 24, domin duk waɗannan kason suna fita daga 24 ba tare da saura ba: sumuni uku ne, rubu'i shida. Wanda ya riƙe uku ba zai ce ya fi mai shida ba.

Tsohon hedimasta, Tafo: Malam, wanda zai raba 24 gida takwas ai sai ya san takwas sau uku, ka ga an dawo kan maganata. Tun da hukumar ilimi ta hana bulala a 2017 aka koma wasa da marafan kwalba, kuma jarrabawa ba a rukuni ake rubuta ta ba.

Malamar firamare, Aboabo: Na gode muku duka. Sai dai ƙanwata, burodin ba da hannu aka tsaga ba, ni na bi su da wuƙa, kuma wasu yaran ba su karya ba suke zuwa, don haka ban ga asara a ciki ba. Takardar zan duba, amma hamsin sau uku yanka ne mai yawa ga mai goyo. Malam, ba duk yaran ajina ne Musulmi ba, wasu ma yaren Twi kawai suke ji. Har yanzu dai ba wanda ya ce komai a kan hayaniyar, kuma ranar Litinin shugaban zai shigo ajina.

Uwar yara, Moshie Zongo: In dai za ki koma takardar, don Allah kada a ce mu ne za mu saya.