Ronaldo wanne? Musayar baitoci kan takwarorin ƙwallo

Kawu na Kakuri:
Salamu alaikum jama'a. Jiya da daddare a gidan kallon unguwarmu wuta ta ɗauke ana tsakiyar wasa, kafin a tada janareto muka ɓarke da hira na ce ni dai a rayuwata ban ga ɗan gaba irin Ronaldo ba, sai wani yaro da bai fi sha bakwai ba ya miƙe yana min tafi wai ashe kawu kai ma ɗan CR7 ne, wato Cristiano Ronaldo ɗan tsibirin Madeira na Fotugal, wallahi ban san sanda na dire kofin shayina ba. Na kwana abin na cina, shi ne na ce bari in zuba shi a baiti. Amsa-amonmu RA ne, duk mai amsawa ya riƙe shi.

Bismillahi na ɗau alƙalami,
Hausawa sun ce suna linzami,
Jiya yaro ya ba ni magana mai tsami,
Ya haɗa min gwanina da takwara.

Ronaldon da nake nufi na Birazil ne,
Mai wushirya, ɗan lamba tara ne,
In ya ja ƙwallo guguwa ne,
'Yan baya su zube, gola ya yi ƙara.

Gwiwa ta ɓalle a Inter sau biyu,
Masu surutu suka ce ba ta gyaru,
Ya dawo fili jama'a suka taru,
Da tukkunsa a goshi ya ɗau nasara.

A 2002, Japan da Koriya,
Takwas ya zura a kofin duniya,
Biyu a ragar Jamus ran ƙarshe, ba ƙarya,
Golansu Oliver Kahn na zaune yana harara.

Ɗan Rigasa:
Kawu Allah ya ƙara girma, ba ni ne yaron jiyan ba amma da ina wurin ni ma da na taya shi tafin, a yi haƙuri da abin da zai fito

Kawu na rusuna, ina gaida manya,
Sai dai batun ƙwallo a ba ni hanya,
Duk rigar da ɗan Madeira ya sanya,
Ragar abokan gaba ta shiga asara.

Ballon d'Or, kyautar gwarzon shekara, naka biyu ya ɗauka,
Nawa biyar, ka ƙirga su duka,
Kofin zakarun Turai biyar ya kai ɗaka,
Naka ko ɗaya bai ɗaga ba, sai hira.

Ya zo Manchester yana ɗan siriri,
Madrid ta saye shi ana ta kirari,
Ya haura 40 da sauran sauri,
A Al Nassr ma bai daina zura.

Kawu na Kakuri:
Ɗana baitinka na ƙarshe ya ci "ba" ɗaya don ka kama amsa-amo, na gani na yi shiru.

Yaro ka ƙirga ka tsallake ɗaya,
Babban kofi, na dukan duniya,
Zuwa 2022 naka sau biyar ya je ya dawo ba kaya,
Maroko ta sa shi kuka gaban yara.

Nawa kuwa sau biyu sunansa na ciki, 1994 da 2002.

Ɗan Rigasa:
haba kawu 1994 ɗin da ya ɗumama benci tun daga farko har ƙarshe ko minti ɗaya bai taka ba, ai ko ni aka kai Amurka a lokacin zan iya wannan aikin

'Yar Unguwar Rimi:
Ku dakata mana ku biyun nan. Kawu ina wuni. Ni abin da ya ba ni dariya shi ne Ronaldon naka ma ai sai da takwara ya taɓa ƙwace masa sunan, babana ya sha ba mu labarin wasan nan har mun haddace

Kawu kana ta faɗa a kan suna,
Naka ma an taɓa hana shi, ka tuna,
Olamfik na 1996, daren murna,
Ronaldinho ke bayan rigarsa, ka lura.

Akwai wani Ronaldo mai tsaron baya,
Ya girme shi, aka bar masa sunan gaba ɗaya,
Ronaldinhon da kuka sani mai dariya,
Shi ma Ronaldo ne ran suna, ku tara.

Birazil na da uku, Najeriya ɗaya, ba mu huta,
Ikpeba ya rage, Kanu ya kunna wuta,
Huɗu da uku Birazil ta kwanta,
'Yan Kaduna na cikin masu nasara.

Amokachi, Babayaro, Tijjani,
Da Garba Lawal mai ƙoƙari da sani,
Haihuwar garin nan ne, kowa ya gani,
Kafin Turai ta miƙo hannu ta yi kira.

Kawu na Kakuri:
'Yata kin kashe bakina, ki gaida babanki da kyau. Daren nan ba zan manta shi ba, lokacin masaƙu na aiki Kakuri cike take da mutane, da Kanu ya ci ta huɗun nan muka fito titi da murafan tukwane wani maƙwabcina ko takalmi babu, kuma ni da nake son Ronaldo ranar ko tausayinsa ban ji ba.

Mai Shayi na Kawo:
ni ban iya waƙa ba amma tunda kowa na zubawa bari in gwada kar wanda ya min dariya

Luis Suarez biyu ne, ku ji labari,
Na Sifaniya shi ne na fari,
1960 ya ɗau Ballon d'Or ba garari,
Daga Barcelona ya tafi Inter ya ƙara.

Na Yurugwai kuwa, ɗan ba sannu,
2010 ya tare ƙwallon Gana da hannu,
Gyan ya daki ƙarfe, hawaye a idanu,
Afirka duka ta kwana da asara.

kuma shi ne dai ya gantsara wa Chiellini cizo a kafaɗa a 2014, shi ma Barcelona ya je daga baya ya yi ta ci, amma ni har gobe ban yafe masa na Gana ba, ranar tukunyar shayina guda ta huce ba wanda ya iya sha. Dattijon na Sifaniya ya rasu a 2023, yaran teburina da suka ga labarin a waya sai suka ɗauka mai cizon ne.

'Yar Unguwar Rimi:
Mai shayi ka maimaita asara, Ɗan Rigasa ya riga ka amfani da ita, tarar kofi biyu da burodi.

Mai Shayi na Kawo:
na karɓa Hajiya, a zo Kawo a sha

Ɗan Rigasa:
to ga wanda ya fi duka rikitarwa, wannan na taɓa yin musu a kansa da abokina wajen awa guda a tashar jirgin ƙasa ashe kowa da wanda yake nufi, bambancin rubutun sunansu harafin s ɗaya ne tak, Mousa da Moussa

Musa Dembele biyu, kun san su?
Fulham ta riƙe su duka biyunsu,
Beljiyam da Faransa ne ƙasashensu,
Ɗaya ya fita ɗaya ya shigo a shekara.

Na farko a Tottenham tsakiya yake riƙewa,
Na biyu Celtic da Lyon yake zurawa,
Sai Usmanu na PSG ya zo da wucewa,
2025 Ballon d'Or ta zo masa da bushara.

shekarar 2012 nake nufi kafin wani ya ce na ƙirƙira

Kawu na Kakuri:
Kun je Turai kun dawo, ku bar ni in dawo da ku gida. Tunda 'yata ta ambaci Tijjani sai ƙaninsa ya faɗo min a rai, shi nasa takwaran ma ba ɗan ƙwallo ba ne.

Ibrahim Babangida biyu muka sani,
Ɗaya Janar, ya mulki ƙasa a zamani,
Ɗaya ɗan ƙwallo, ƙanin Tijjani,
In an kira sunan sai ka tsaya ka saurara.

1993 Japan suka je suna yara,
Shi da su Kanu, nan suka fara,
Kofin 'yan ƙasa da 17 suka ɗauko da dabara,
Holan ta gan shi, can ya tafi tijara.

2024 a hanyar Zariya,
Hatsarin mota ya raba shi da duniya,
Tijjani ya ji ciwo, Allah ya yi masa kariya,
Ya Rabbi ka yi wa Ibrahim gafara.

'Yar Unguwar Rimi:
Amin ya Allah. Kawu baitinka na tsakiya duk layukan RA ne, ba tara a kanka yau.

Mai Shayi na Kawo:
Allah ya jiƙansa ya sa ya huta

Ɗan Rigasa:
amin. kawu batun Ronaldo dai ban sauka ba, gobe zan zo da Muller biyu na Bayern, Gerd da Thomas, duka lamba 13 suka sa wa Jamus duka sun ɗau kofin duniya, na san tsohon za ka zaɓa

Kawu na Kakuri:
Ka san shi kuwa. Ka zo da amsa-amon da ba zai ci maka "ba" ba, ni zan tafi masallaci an kira magariba.