Ya tura duka, ni kuma fulash nake jira: in amsa ko in ajiye?

Sadauki87:
Assalamu alaikum. Wani hannu ne ya tsaya min a rai daga gasar daren jiya, ina son jin ra'ayinku. Gasar foka ce, wasan karta nau'in Texas Hold'em, a intanet, irin wadda ake shiga kyauta ba a sa ko sisi. Mutum 27 ne ke samun kyauta, mu kuma mun rage 29.

Bilain, wato zubin dole da mutum biyu ke yi kafin a raba kati, 1,000 da 2,000 ne, ante kuma, ƙarin zubin dole da mai babban bilain ke biya, 2,000. Ina babban bilain, bayan na biya ante ina da cips (kwabban wasa) 30,000. Katuna na A da 7, duka na zuciya. Kowa ya ajiye har aka zo kan mai maɓalli, wato mai zama a kujerar mai raba kati, wanda ya fi kowa tuli a teburin, yana da sama da 120,000. Ya ɗaga zuwa 4,500, ƙaramin bilain ya janye, ni na amsa. Abin da ke tsakiya ya zama 12,000.

Aka buɗe katuna uku: K na zuciya, 9 na zuciya, 4 na shebur. Zuciya ɗaya ta rage min in haɗa fulash mafi girma, fulash kuwa shi ne katuna biyar masu alama iri ɗaya. Na fara zuba 6,000, ko daƙiƙa biyu bai yi ba ya tura duka. Saura 19,500 a gabana. Mutumin nan tun da muka kusanci 27 yake matsa wa kowa, kusan duk hannu sai ya ɗaga. Da ku ne a kujerata, me za ku yi?

Malam Lissafi:
Wa alaikumus salam. Mu fara da lambobi, Sadauki. A tsakiya akwai 12,000, da 6,000 naka, da 25,500 nasa da suka yi daidai da abin da ka mallaka. Jimla 43,500. Za ka sa 19,500, tulin ya koma 63,000. Raba 19,500 da 63,000, ka ga kana bukatar cin kashi 31 cikin 100 kafin amsawa ta biya kanta.

Zuciya 13 ce a karta. Biyu na hannunka, biyu na tebur, saura 9 cikin katuna 47 da ba ka gani ba. Tunda ol-in ne, wato an tura duka, katunan biyu da suka rage duk za ka gan su ba tare da ƙarin biya ba, damar haɗa fulash kuwa kusan kashi 35 ce. Hanya mai sauƙi ita ce ka ninka katunan cetonka, wato waɗanda za su cika maka hannu, da 4 idan saura kati biyu, da 2 idan saura ɗaya, ka samu kimanin kashinka cikin 100.

Kar kuma ka manta da A ɗinka. Idan K da Q yake riƙe da su, A ukun da suka rage su ma ceto ne, katuna 12 ke nan, kana wajen kashi 45. Idan A da K ne a hannunsa, A ɗinka ya mutu, ka koma 35. Mafi muni shi ne ya haɗa uku iri ɗaya, 9 uku ko 4 uku, nan za ka faɗo wajen kashi 26 domin ko fulash ya zo tebur na iya maimaita kati ya ba shi ful-haus, wato uku iri ɗaya da biyu iri ɗaya, wanda ya fi fulash. Mutum mai matsawa irin wanda ka kwatanta kuma wani lokaci ƙaramin fulash yake jira, ko Q da J, kai ne a gaba ma. In an haɗa duka, ba za ka gaza kashi 40 ba. Kashi 40 na 63,000 ya kai 25,200, ajiyewa kuma 19,500 take bar maka. Ni amsawa zan yi.

Kurciya:
Malam, lissafinka babu gyara, amma na teburin da cips ɗinsa kuɗi ne kai tsaye ka yi. Gasa ba haka take ba. Wanda ya ninka tulinsa bai ninka rabonsa ba, wanda ya rasa tulinsa kuwa ya tashi ke nan. Abin da ICM, lissafin darajar tulin cips a cikin kyautar gasa, ke aunawa ke nan, tsarin da Mason Malmuth ya kawo wa foka a 1987, irin lissafin da David Harville ya riga ya yi a 1973 kan tseren dawaki. A bakin ƙofar kyauta, kashi 31 ɗin nan yana hawa sosai, kuma yawan hawan ya danganta da abu biyu da Sadauki bai faɗa mana ba.

Ɗan'uwa, yaya aka raba kyautar? Na ɗaya ya fi na 27 nesa ba kusa ba, ko kowa abu ɗaya zai samu? Sannan mutum nawa ne ke ƙasa da kai a sauran teburan?

Sadauki87:
Hajiya, tikiti ne na shiga babbar gasar ranar Lahadi, kuma duka 27 ɗin iri ɗaya za su samu. Na leƙa jerin a lokacin: da na ajiye, da 19,500 zan zama na 19. Mutum huɗu ba su kai babban bilain uku ba, ɗayansu ma bilain na gab da cinye shi.

Kurciya:
To ai magana ta ƙare, ajiyewa ce, ba ko tantama. A irin wannan gasa mai cips 63,000 da mai 2,000 tikiti ɗaya za su karɓa, matuƙar suna zaune lokacin da na 28 ya tashi. Kana da kusan babban bilain goma, wato za ka iya zagaye teburin sau uku ba ka taɓa kati ba, tunda zagaye ɗaya 5,000 yake ci. Mutanen nan huɗu ba su da wannan sararin, dole su tura, kuma masu manyan tuli za su taru a kansu. Biyu kawai ake bukata su fita.

Damar samun tikitinka idan ka ajiye tana da yawa ƙwarai. Idan ka amsa kuwa, sau 6 cikin 10 ka tashi hannu wofi, sau 4 ɗin da ka ci ɗan abin da suka ƙara maka kaɗan ne, don dama kana kan hanya. A wannan matsayi ko A biyu aka ba ka tun farko, akwai lokacin da daidai shi ne ka ajiye su idan mai babban tuli ya tura. Na san abin yana da ciwo, amma haka gasar tikiti take. Kuma kar a raina ta: ta irin wannan hanya Chris Moneymaker ya samu kujera daga shafin foka na PokerStars ya je Las Vegas ya ci babbar gasar duniya ta 2003, dala miliyan 2.5.

Malam Lissafi:
Da wannan bayanin na koma bayan Hajiya. Da a ce kyautar mai hawa-hawa ce, na sama ya kwashe kaso mai tsoka na 27 kuma ya samu ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, har yanzu zan amsa, don 63,000 za ta sa ka cikin masu neman teburin ƙarshe.

Ɗan Zongo:
Ni 6,000 ɗin nan ce ba ta kwanta min ba, Oga. Mutumin ya san ba ka son fita, kai ma ka san ya sani. Duk abin da ka zuba zai tura a kai, ko yana da K ko ba shi da komai, domin ko ya faɗi 30,000 ce cikin 120,000. Da ka bar masa ya fara, watakila 4,000 zai sa, ko ma ya bari a buɗe kati na huɗu kyauta. Kai, tun kafin a buɗe komai, da mutum huɗu suna numfashi sama-sama, ni A da 7 ajiye su zan yi in zauna da 28,000 ɗina.

Sadauki87:
Na gode ƙwarai. Ajiyewa na yi, bai kuma nuna katinsa ba. Hajiya, a gasar Lahadi kyautar hawa-hawa ce. Idan irin wannan hannu ya sake zuwa a bakin ƙofa, kashi nawa zan nema?

Kurciya:
Babu lamba ɗaya da za ta yi maka ko'ina. Idan mai tura ɗin ya fi ka tuli kuma kana tsaka-tsaki, ka ɗora wani abu a kan 31 ɗin, da fulash mafi girma da A kana iya amsawa. Idan fulash ɗin ƙarami ne babu A, ajiye. In kuma kai ne ka fi shi tuli, 31 ɗin ta kusan isa. Ka turo mana jerin kyaututtukan idan sun fitar, mu saka a na'urar ICM tare.