Laburare zai ɗore kuwa a wannan zamani na waya?

Mai_Tambaya:
Salam jama'a, dan Allah ina da tambaya, yanzu da kusan kowane littafi mutum zai iya sauke shi a waya, meye amfanin gwamnati ta ci gaba da kashe kuɗi kan laburare? Masu shafin Project Gutenberg tun 1971 suke zuba littattafai kyauta fa.

Ɗan_Boko:
Malam ai waɗancan yawanci tsofaffi ne da haƙƙin mallakarsu ya ƙare, sabon littafi dole ka biya. Kuma shi littafin waya laburare ba mallakarsa take ba, lasisi kawai take saya, kamfanin buga littattafai na HarperCollins tun 2011 suka ce in an ara sau 26 sai an sake biya, na takarda kuwa in ka saya shikenan sai ranar da ya yage. Ko Internet Archive da suke bada aron waɗanda suka yi sikanin ai kotu ta kayar da su a Amurka a 2023.

Uwargida:
Ni dai gaskiya ba littafi kaɗai ake nema ba, wani wurin zama shiru yake so, wani kwamfuta da intanet don ya cike fom ɗin neman aiki, ba kowa ke da data ba wallahi. Ku duba laburaren Oodi da aka buɗe a Helsinki ta ƙasar Finland a 2018, har keken ɗinki da ɗakin ɗaukar sauti suna da shi.

Mai_Tambaya:
Hajiya to wannan ai ya wuce laburare kuma lol. Wa zai biya ma'aikatan?

Ɗan_Boko:
Harajinka mana malam.