Ƙamus na waya ba abin dogaro ba ne: haka ne?

Tsohon Malami: Ni dai ina nan kan bakana. Ƙamus na takarda sai masana sun tace shi kafin ya je wurin ɗab'i. Babban ƙamus na Turanci na Oxford an fara fitar da shi kashi-kashi a 1884, bai kammala ba sai 1928. Na waya fa? Wa ya tace shi?

'Yar Jami'a: Baba, da girmanka, ai Oxford ɗin yana intanet tun 2000, kuma duk wata uku ake sabunta shi. Bugun 1989 mujalladi 20 ne. Kalmar da aka haifa bayan nan, ina za ka same ta a ciki?

Tsohon Malami: 'Yata, wannan kin kawo mai gidan. Ina nufin irin Wiktionary, wanda kowa da kowa ke sa hannu.

Mai Fassara: Malam, a nan ka yi gaskiya, amma ba takarda ce ta ba Oxford daraja ba, editoci ne. Kuma aikinsu ma ya sauya. A da James Murray, editan ƙamus na Oxford, 'yan sa-kai ke aiko masa da jimloli a guntayen takardu, yana jera su a akwatuna. Yanzu kwamfuta ke tattaro miliyoyin jimloli, edita ya ga yadda mutane ke amfani da kalma a zahiri, wace ma'ana ta fi yawa, wace ta fara mutuwa. Ƙamus na Turanci na COBUILD na 1987 da haka aka gina shi. Ga sauti kuma a ƙamus na waya. Harshe mai karin sauti, danna ka ji ya fi zaman warware alamomi.

'Yar Jami'a: Har ƙamus na Hausa na Bargery na 1934 an ɗora shi a intanet, Baba. Da sai wanda ke kusa da babban laburare.

Tsohon Malami: Madalla da wannan. To amma ku amsa mini: idan na kafa hujja da ma'anar da na gani yau, gobe suka gyara ta ba sanarwa, me zan nuna? Littafi na kan kanta, shafinsa ba ya canjawa.

Mai Fassara: Shi ya sa ake rubuta ranar da aka duba. Wiktionary ma yana ajiye tarihin kowane gyara.

Tsohon Malami: Ba duka ke yin haka ba. Manhajojin da ɗalibaina ke buɗewa ba sunan edita, ba shekara, sai talla.

'Yar Jami'a: Waɗannan kam ba zan kare su ba.