Zubin Stuart 10V yana cinye min wuƙa: ta ina ake fara shi?

Ɗan Tudun Wada, Gusau:
Assalamu alaikum iyayen gida. Ina da zubin ƙaramin injin tururi, wato sassansa da aka zuba ba a sassaƙa ba tukuna, Stuart 10V na Ingila, wanda faɗin silindarsa inci 3/4 ne, filawil ɗinsa, wato ƙafar nan mai nauyi da ke daidaita juyin inji, inci 3. Kayan aikina ƙaramin injin sassaƙar ƙarfe ne, lez irin na kan tebur, da injin huda, da magagari, da baniya ta awon kauri. Da filawil na fara, amma wuƙar HSS, wato wuƙar lez ta ƙarfe mai tauri, tana taɓa shi sai ta yi ƙara ta dakushe, ƙarfen yana ƙyalli bai yanku ba. Laifin zubin ne ko na wuƙar? Sannan silindar guda ɗaya ce tak, ina tsoron ɓata ta. Kuma zanen duk 7BA da 5BA ya rubuta, wato awon zaren noti irin na Ingila, a kasuwa kuwa taf, abin yanka zare a cikin rami, na milimita ake samu.

Tsohon Fita, Kaura Namoda:
Wa alaikumus salam ɗana. Wuƙarka ba ta da laifi. Ƙarfen zubi yana zuwa da ɓawo: wajen da ya taɓa yashin zubi shi ya fara hucewa, ya yi tauri, ga ɓurɓushin yashi manne a jikinsa. In ka shiga da tsoro kana shafar sama, yashin nan kake wasa wuƙarka da shi. Yankan farko dole ya nutse ƙarƙashin ɓawon, wajen milimita 1 in zubin ya bar maka wuri, don haka auna shi da zane kafin ka kunna inji.

Na biyu, gudu. HSS a kan baƙin ƙarfen zubi mita 20 a minti yake so. Filawil ɗinka milimita 76 ne, ke nan juyi 80 zuwa 90 a minti. Ramin silinda mai milimita 19 kuwa zai ɗauki 300 da ɗoriya. Ƙananan injinan nan ba su da ƙarfi in an rage musu gudu, sukan tsaya cik a tsakiyar yanka. In naka haka yake, ka fara ɗebe ɓawon da giranda ko tsohon magagari, ko ka yi yankan farko da wuƙar kabaid, wadda ta fi HSS tauri.

In an wuce ɓawo har yanzu wuri ɗaya yana fari fat, magagari na zamewa a kai, to zubin ya ƙanƙare a nan. Siraran kaya irin murfin akwatin bawul, wato abin da ke buɗe wa tururi hanya ya rufe, su suka fi yin haka. Kai shi maƙera, a binne shi cikin gawayi a zuga har ya yi ja sosai, a riƙe shi haka kamar awa ɗaya, a tura shi cikin toka mai zafi ya kwana. Ka tsaya a kansa, don hannun maƙeri ya saba tsoma jan ƙarfe a ruwa, wanga kuwa ruwa ƙara mashi tauri zai yi, ko ya tsage. Kuma kafin sassaƙa ake wannan, ba bayan an kai awo ba.

Kada ka sa mai ko ruwa wajen yanka. Baƙin garin da yake zubarwa in ya haɗu da mai ya zama abin wasa ƙarfe, ya cinye maka gadon lez. Shimfiɗa kwali, ka share da buroshi.

Malamin Fasaha, Birnin Kebbi:
Baba ya gama maganar ɓawo. Ni silindar zan tsaya a kai, don can ne ake asara.

A zubi babu fuska ko ɗaya da take daidai, kai za ka ƙirƙiri ta farko, sauran awo duk daga gare ta za su tashi. Ɗaura silindar a cok, wato mariƙin aiki na lez, mai haƙora huɗu, ka sa guntun alminiyum tsakanin haƙori da fuskar bawul, wato gefen silindar da bawul zai zauna a kai. Da kewayen waje na leɓen silindar za ka saita ta, kada ka bi ramin da ta zo da shi, don sau da yawa a karkace yake. Dalilin ke nan da ba a zura masa bakin huda: baki ramin da ya tarar yake bi. Wuƙar ƙwaƙular ciki za ka sa, mafi kaurin da zai shiga, kada ta leƙo fiye da tsawon ramin da ɗan kaɗan.

Abin da ya fi komai: ka ƙwaƙule ramin, ka share fuskar da ke kallonka, duka a ɗauri ɗaya ba tare da ka kwance cok ba. Wannan fuskar ka yi mata alama, ita ce ta ƙasa, wadda za ta zauna wajen ƙafar injin. In ka kwance tsakanin aikin biyu, rami da fuska ba za su yi kusurwa 90 ba, sandar fistin za ta riƙa cijewa a ƙarshen tafiyarta, ka yi ta zargin karanshaf alhali ba ruwansa. Ɗaya fuskar murfi kawai take ɗauka, ko ta ɗan kauce ba a mutu ba.

Siririyar wuƙa tana lanƙwashewa, sai bakin rami ya fi cikinsa faɗi. In saura milimita 0.05 ka kai 19.05, wato inci 3/4 ɗin, ka bi ramin sau biyu ko uku ba tare da ka ƙara komai ba, za ka ga tana ta ɗebo gari. Kada ka damu in ya wuce da ɗan kaɗan. Rami ake fara yi, a yanka fistin daidai da shi, kuma a kan sandarsa ake yi masa yankan ƙarshe don su zama tsakiya ɗaya. Gwaji: toshe ƙasan silinda da tafin hannu, fistin ya sauka a hankali; ɗauke hannu, ya faɗo da nauyinsa.

Fuskar bawul kuma, bayan sassaƙa, shimfiɗa samfefa mai lamba 400 a kan gilashi, ɗiga kananzir, ka goga har ta yi launi ɗaya. In zubin ya zo da hanyoyin tururi a ciki, zura waya ka fitar da yashin da ya maƙale, in ba haka ba ranar farko zai kwararo ya karce ramin.

Filawil ɗinka ma, da cikin da'irar za ka saita shi, wajen da ba a sassaƙawa, don shi ido ke gani yana rawa. Huda, ka ɗan ƙwaƙule da wuƙa, sannan rima, wato abin da ke gyara rami ya kai awo daidai.

Mai Walda, Jega:
Maganar BA, ni a ganina kada ka wahalar da kanka. 7BA kaurinsa milimita 2.5 ne, zaren milimita M2.5 ya maye gurbinsa, bakin huda 2.05. 5BA 3.2 ne, M3 ya isa, bakin huda 2.5. Injin bai san bambanci ba.

Tsohon Fita, Kaura Namoda:
Injin bai sani ba, amma notin ya sani. Tazarar zaren 7BA 0.48 ce, ta M2.5 0.45, kusurwar haƙorin BA digiri 47.5, ta milimita 60. In ka haɗa na BA da na milimita, zai shiga zagaye biyu ko uku ya cije, mai ƙarfin hannu ya murɗe shi ya karye a ciki. In kayan sun zo da kusoshinsu da notinansu na BA, ɗana, sa a kawo maka taf na 7BA da 5BA, ba su da nauyi. In za ka koma milimita, koma gaba ɗaya, kuma ka duba faɗin kan notin, don na kasuwa yakan yi girma ya taɓa jikin murfi.

Taf siriri irin wannan ba a sa shi da hannu a sake. Huda guntun ƙarfe daidai kaurin taf ɗin, ɗora a kan ramin ya riƙe shi a tsaye. Rabin juyi gaba, ɗan baya, ka fito da shi ka busa garin in ramin ba mai ɓullewa ba ne. Wanda ya karye a tagulla ana jiƙa shi a ruwan alam mai zafi ya narke. A baƙin ƙarfe wannan dabarar ba ta aiki, alam ɗin har silindar zai ci.

Ɗan Tudun Wada, Gusau:
Allah ya saka da alheri, Baba, Malam. Na rage gudu zuwa 90, na nutsa wuƙar, yanzu gari baƙi yake zubowa. In an haɗa, yaya ake saita bawul? Kuma zan iya yin tukunyar tururi da tsohuwar silindar gas?

Malamin Fasaha, Birnin Kebbi:
Cire murfin akwatin bawul ka juya filawil da hannu. Fara daidaita tsawon sandar bawul har ƙofar sama da ta ƙasa su riƙa buɗewa daidai wa daida. Bayan nan ka kai fistin can ƙarshen sama, ka juya esentirik, wato faifan nan mai rami a gefe da ke tura bawul, ya shiga gaban kuranki, wato gwiwar karanshaf, da digiri 90 da ɗan ƙari ta wajen da kake son injin ya juya, har ƙofar sama ta fara buɗewa kamar kaurin takarda. Ɗaure shi a nan. Bawul ɗin kansa kada ya matse a kan notinsa, sake ake barinsa don matsin tururi ya kwantar da shi a fuskar silinda. In iska tana fita ta bututun fitarwa injin bai motsa ba, nan za ka fara dubawa.

Da iska za ka gwada, kwamfuresan mai faci ya isa, a rage matsinsa zuwa psi 15 ko 20, ka sa mai a kowace gaɓa. Ranar da za ka sa tururi sai ka nemi man silindar tururi, man mota ruwan zafi yana wanke shi.

Silindar gas kuwa a'a. Ba a yi ta don wuta da ruwa ba, tsatsa za ta ci ta daga ciki inda ba ka gani. Ƙaramar tukunya da bututun jan ƙarfe ake yinta, a liƙe da sinadarin azurfa, ba dalma ba, a sa mata bawul ɗin tsaro da agogon matsi. Kafin ta ga wuta a cika ta da ruwan sanyi har baki, a matsa da famfon hannu zuwa ninki biyu na matsin da za ta yi aiki da shi. Ruwa ake gwadawa da shi don in ta fashe tsiyaya kawai za ta yi, iska ko tururi kuwa tarwatsa ta za su yi.